Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Na Bi Sawun Iskar Kabon a Akwatin Kifina

Idan aka ce kiwon kifi, abin da yakan fara zuwa zuciyar yawancinmu shi ne tarwaɗa a kwatamin siminti ko a tankin roba a bayan gida, ana ba ta abinci safe da yamma har ta isa shiga tukunya. To amma akwai wani kiwon wanda na kallo ne kawai. Akwatin gilashi ake samu a shimfiɗa ƙasa da tsakuwa a gindinsa, a dasa tsirran ruwa masu rai, a cika shi da ruwa, sannan a saki 'yan ƙananan kifaye su riƙa kai da komowa a tsakanin ganyayen. Cikin waɗanda suka fi yaɗa wannan fasaha a duniya akwai Takashi Amano, wani mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Japan, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, ya kuma rasu a 2015. Duk wanda ya ga hotunan akwatunansa sai ya ɗauka wani yanki na daji aka yanko aka nutsar a ruwa.

Ni ma ina da irin wannan akwati, ɗan ƙarami mai cin lita 60, a ɗakin da nake haya a bayan makaranta. Abin da ya fi ba ni wahala a kansa shi ne iskar kabon dayoksaid, wadda zan riƙa kira iskar kabon a taƙaice. Tsirrai suna bukatarta, kifi kuma ba ya jure yawanta, don haka tilas ta riƙa shiga ruwa daidai wa daida kullum. A wannan ɗan rubutu ina so in bayyana wa mai karatu yadda tafiyar iskar ta rikice mini, da yadda na bi sawunta. Da yake Hausa a aji da kasuwa na koye ta, sunayen wasu kayan aikin ni na raɗa musu gwargwadon aikinsu, na kuma gwada su a kunnen abokan karatuna kafin in rubuta.

Me Ya Kai Iskar Kabon Cikin Ruwa?

Tun a firamare aka koya mana cewa tsiro yakan haɗa haske da ruwa da iskar kabon ya yi abincinsa, ya saki iskar oksijin. Tsiron da ke tudu ba shi da damuwa, domin iskar da muke shaƙa tana ɗauke da iskar kabon kimanin kashi 420 cikin miliyan a awon 2023, kuma tana kaɗawa ta ko'ina. Kainuwa da bado ma sun huta, tunda ganyensu yana saman ruwa yana shaƙar iskar sarari. Wanda ke cikin matsi shi ne tsiron da ya nutse gaba ɗaya. Iskar kabon tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurin da take yi a sarari. Akwatin da ba a ƙara masa komai ba, abin da ke cikinsa bai cika wuce miligiram 2 zuwa 3 a kowace lita ba. Masu wannan kiwo kuwa sukan nemi kai shi wajen miligiram 20 zuwa 30, musamman idan fitilar akwatin mai ƙarfi ce.

Abin lura a nan shi ne tsiro yakan shirya jikinsa daidai da abin da ya saba samu. Idan iskar ta wadata, sai ya rage yawan sinadarin da yake kama ta da shi. Idan ta yi ƙaranci, sai ya ƙara. Wannan shiri kwanaki yake ɗauka. Saboda haka idan yau iska ta yi yawa, gobe ta yi kaɗan, jibi ta ɗauke, tsiron ba zai san rawar da zai taka ba, sai girmansa ya tsaya. Ita kuwa gansakuka wannan damar take jira. Akwai wata baƙa mai kama da gemu wadda take kama gefen ganye, masu kiwo sun daɗe da lura cewa ta fi bayyana a akwatin da iskarsa take hawa da sauka. Idan kuma iskar ta yi yawa fiye da kima, jinin kifi ba ya iya ɗaukar oksijin yadda ya kamata, ko da oksijin ɗin yana nan a ruwa. Sai ka ga kifaye sun taru a sama suna haki.

Kwalbar Yis da Sukari

Hanyar talaka ta samun wannan iska ita ce yis. Da ita na fara a watan Nuwamba na 2023. Robar lemo mai lita 2 ake samu, a zuba ruwa mai ɗumi da sukari da rabin ƙaramin cokali na yis, a huda murfin a sa siririn tiyo, a kai bakinsa cikin akwati. Yis yana cin sukari, kusan rabin nauyin sukarin ya koma iskar kabon, sauran ya zama barasa. Wanda ya taɓa ganin yadda bammi yake kumfa a gora ya san wannan aiki.

Makonnin farko komai lafiya. Da watan Disamba ya raba, sai na ga kumfar tana tsayawa cik da asuba, ba ta dawowa sai rana ta ɗaga. Amsar wannan a wurin wata dattijuwa mai waina a unguwar Sabo na same ta, inda nake zuwa karin kumallo ranar Asabar. Ran nan na tarar ba ta fara suya da wuri ba, sai na ce, "Hajiya, yau lafiya kuwa?"

Ta ce, "Lafiya lau ɗana, ƙullin ne bai tashi ba. Ai ƙulli da sanyi ba sa ga maciji. Da bazara in na kwaɓa da dare, kafin asuba ya cika roba har yana zuba. Da hunturu kuwa sai na lulluɓe shi na kai shi kusa da murhu."

Yis ɗin ƙullinta da na kwalbata duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Hunturunmu na kudu bai kai na Kano ko Jos ba, amma ɗan sanyin asubar nan ya isa ya sa yis kasala. Dabarar da na yi ita ce na tsoma kwalbar cikin bokitin ruwa, domin ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi. Na kuma ƙara kwalba ta biyu na haɗa tiyonsu, ina sabunta ɗaya wannan mako, ɗayar kuma mako mai zuwa. Dalili shi ne kowace kwalba takan yi ƙarfi a kwanakin farko, sannan ta riƙa ja da baya yayin da sukari yake ƙarewa barasa kuma take taruwa.

Wannan ya rage matsalar, amma kwalbar yis tana da wani aibi wanda dabara ba ta gyara shi: ba a kashe ta. In ka toshe bakinta, matsi zai taru har ta fashe. Da dare tsirrai ba sa shan iskar kabon, su ma fitar da ita suke yi. Idan aka ɗauke wuta injin tace ruwa ya tsaya, saman ruwa ya kwanta luf, kwalbar nan tana nan tana aikinta. Ke nan duk daren da babu wuta sai in tashi in zare tiyon daga ruwa.

Tukunyar Gas da Hanyar da Iska Take Bi

A watan Maris na 2024 wani ɗan wan mahaifina zai tafi bautar ƙasa, sai ya bar mini tukunyar gas ɗinsa mai cin kilo 2 da duk tarkacenta. Kayan sun sha jiki, amma ga ɗalibi kyauta ce babba. Domin mai karatu ya fahimci abin da zai biyo baya, bari in jera su kamar yadda iskar take ratsa su.

Da farko akwai tukunyar kanta. A kanta ake ɗaura regileta, wadda take rage matsi mai tsanani na tukunya zuwa ɗan kaɗan. Tana da agogo biyu: ɗaya yana nuna matsin tukunya, ɗayan yana nuna matsin aiki, duka a ma'aunin da ake kira bar. Bayanta sai makullin lantarki, wanda yake buɗe hanya in an ba shi wuta, ya rufe in an ɗauke. Daga nan sai famfon allura, ɗan ƙaramin abin murɗawa da ake daidaita yawan iska da shi. Sai kwalbar ƙirga, wadda rabinta ruwa ne, iskar tana ratsawa ɗaya bayan ɗaya kamar ƙwayar carbi har mutum ya iya ƙirgawa. Sai tiyo, sai bawul mai hanya ɗaya da yake hana ruwa komowa baya. Daga ƙarshe sai faifan tangaran a cikin akwati, mai ƙananan huji da ido ba ya gani, wanda yake farfasa iskar ta fito kamar hazo.

Na saita ƙwayar kumfa 1 a kowace daƙiƙa. Kwana biyu abin ya zauna, sannan ya fara wasa da hankalina. Da safe sai a yi kusan awa guda faifan bai fitar da komai ba. Da azahar sai ƙirgar ta ninka. Wata rana kwalbar ƙirga tana ta aiki amma hazon da ke fita a faifai bai taka kara ya karya ba. Baƙar gansakuka ta fara kama gefen ganyen Anubiyas ɗina, tsiron da asalinsa daga rafukan kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake, har da na ƙasarmu. Na kira mai kayan a waya na ce, "Yaya, wannan tukunya taka ko aljanu gare ta?"

Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ba ta da ko ɗaya. Ka sami littafi ka riƙa rubutawa. Kuma kar ka taɓa abu biyu a rana ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba."

Na ware bayan wani tsohon littafin lacca na ja layuka: lokaci, agogon tukunya, agogon aiki, ƙirgar kumfa a cikin daƙiƙa 30, zafin ɗaki, da ko akwai wuta. Sau huɗu a rana nake cikawa. Cikin mako guda abin da nake ɗauka ciwo ɗaya ne ya rabu gida huɗu.

Na Farko: Yoyo

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ga yadda yake tsoma tayar ciki a ruwa yana neman inda kumfa za ta fito. Haka na yi, sai dai ruwan sabulu na kaɗa na riƙa shafawa da tsohon buroshin haƙori a kowace mahaɗa. Mahaɗar tukunya da regileta, inda wani ɗan zoben roba yake zaune, lafiyarta lau. Amma a bakin kwalbar ƙirga, inda tiyo yake shiga, sai ga kumfar sabulu tana kumbura a hankali. Tiyon ya tsufa, bakinsa ya saki.

Inda yoyo yake yana da muhimmanci. Idan a bakin tukunya yake, gas ne kawai zai ƙare da wuri, tafiyar iska ba za ta canja sosai ba. Ana gane shi ta hanyar rufe kan tukunya da makullin lantarki da dare, a duba da safe ko allurar agogon tukunya ta sauka. Idan kuwa bayan kwalbar ƙirga yake, kamar nawa, to ƙirgar za ta yi ta nuna maka komai daidai alhali rabin iskar a ɗaki take ƙarewa. Bugu da ƙari, tiyon nawa irin mai laushin nan ne na silikon da ake hura iska a akwatin kifi da shi. Iskar kabon tana ratsa jikinsa, kuma yana kumbura in matsi ya yi yawa. Na canja shi da mai tauri wanda aka yi musamman don gas, na gajarta shi, na kuma matsar da bawul mai hanya ɗaya kusa da bakin akwati. Wannan ya magance jinkirin safe. Ashe da dare, in an rufe gas, iskar da ta rage a tiyo tana narkewa a ruwa, ruwan kuma ya biyo tiyon ya hau. Da safe sai gas ya fara kore shi tukuna kafin ya isa faifai.

Na Biyu: Faifai da Matsin Aiki

Faifan tangaran ba ya barin iska ta wuce sai an tura ta da ƙarfi. Yawancinsu suna bukatar wajen bar 2, wasu ma fiye. Agogon aikina kuwa yana kan 1.5, ga shi faifan ya yi kore saboda gansakuka ta toshe hujinsa. Yawan iskar da take ratsa famfon allura ya danganta ne da bambancin matsin da ke bayansa da wanda ke gabansa. Idan bambancin kaɗan ne, ko yaya ɗayansu ya motsa sai tafiyar ta canja da yawa. Kamar famfon unguwa ne a ranar da ruwa ba shi da ƙarfi: maƙwabci na buɗe nasa, naka ya koma ɗigo.

Na jiƙa faifan a ruwan bilic da aka sirka na minti 15, na ɗauraye shi sosai, na sake jiƙa shi a ruwan da aka sa maganin kashe kilorin, har warin ya ɓace. Ba a goge shi da buroshi, domin gogewa tana lalata hujin. Washegari, bisa dokar Yaya, na ɗaga matsin aiki zuwa bar 2.5 na rage famfon allura. A nan na gane wani abu game da kwalbar ƙirga. Ƙwayar kumfa ba mudu ba ce. Idan matsin da ke cikin kwalbar ya ƙaru, iskar takan matsu, ƙwaya ɗaya ta ɗauki gas fiye da na da. Saboda haka ƙwaya 1 a daƙiƙa a akwatina da ƙwaya 1 a akwatin wani ba lallai su zama daidai ba.

Na Uku: Zafi

Littafina ya nuna cewa ƙirgar tana hawa ne kimanin awa guda bayan kunna gas, ko da wane lokaci aka kunna. Da na ɗora yatsa a kan makullin lantarki sai na ji shi zau kamar kofin shayi. Famfon allura a jikinsa yake manne, kuma ƙarfe in ya ɗau zafi yakan buɗa. Ramin da iska take bi a famfon ya fi gashi siranta, don haka ɗan buɗawar nan ta isa ta canja lissafi. Na raba su da ɗan guntun tiyo, na kuma kafa wa kaina doka cewa ba na saita famfo sai makullin ya yi awa guda a kunne. In na murɗa, kaɗan nake murɗawa, in jira minti 20 kafin in ƙirga.

Zafin ɗaki ma yana da nasa hannun. Gas ɗin da ke tukunya yawancinsa ruwa-ruwa ne, shi ya sa tilas ta tsaya a tsaye kullum. Matsinta yana bin zafi: wajen bar 57 a digiri 20 na ma'aunin Salshiyos, 64 a digiri 25, 72 a digiri 30. Daga digiri 31 zuwa sama kuwa iskar kabon ba ta zama ruwa ko yaya aka matsa ta, kuma matsin cikakkiyar tukunya yakan yi tsalle sosai. Littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da wannan ba, amma ɗakin ɗalibi mai rufin kwano a watan Maris yakan wuce digiri 31 da rana. Regileta irin tawa kuma, in matsin tukunya ya motsa, matsin aikinta ma yakan ɗan motsa. Na ɗauke tukunyar daga gindin taga na kai ta lungun da ya fi sanyi, na ɗaure ta da ƙafar tebur don kada ta faɗi.

Na Huɗu: Wuta

Wannan shi ne wanda ba ya cikin kayan da kansu. Agogon da yake kunna gas da fitila irin mai juyawa ne, wutar lantarki ce take tafiyar da shi. In aka ɗauke wuta awa 5, shi ma sai ya tsaya awa 5, in ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Cikin mako guda sai safiyar akwatin ta koma tsakar dare. Haka nan kuma, duk ɗaukewa da dawowa sai makullin lantarki ya huce ya sake zafi. Na sayi agogo mai ɗan batir a ciki wanda ba ya mance lokaci. Na kuma tabbatar fitila da gas da injin tace ruwa duk layi ɗaya suke sha, domin in za su mutu su mutu tare. Mafi haɗari shi ne gas yana tafiya injin tace ruwa yana tsaye, ko fitila tana ci a kan batir gas kuma a rufe.

Ranar da Tukunya Ta Yi Amai

Bayan waɗannan gyare-gyare na sami watanni na kwanciyar hankali. Sai a ƙarshen 2024 allurar agogon tukunya ta fara sauka. Abin da ya kamata a sani shi ne wannan agogo ba ya nuna yawan abin da ya rage. Muddin akwai ruwan gas ko kaɗan a tukunya, allurar tana wuri ɗaya in zafi bai canja ba. In ta fara sauka da sanyin safiya, to ruwan ya ƙare, tururi ne kawai ya rage. Hanyar sanin gaskiya ita ce sikeli: a auna tukunyar, a cire nauyinta na wofi da aka buga a kafaɗarta.

Kuɗin ciko sai ƙarshen wata, don haka na ci gaba da lallaɓawa ina sa ido. Matsin tukunya yana sauka, na aiki yana ɗan hawa, ni kuma ina mayar da shi. Wata Laraba na dawo daga lacca da la'asar na tarar kumfa tana gudu a kwalbar ƙirga ba ta ƙirguwa, kifayena goma sha biyu duk suna sama bakinsu a buɗe, ɗaya ma ta kwanta a gefe. Nan take na rufe kan tukunya, na ɗaga bakin injin tace ruwa ya riƙa fasa saman ruwa, na kwashe rabin ruwan na zuba wanda na ajiye ya kwana. Cikin rabin awa goma sha ɗaya suka sauko. Wadda ta kwanta, wata tsohuwar gofi ce da ta haifi rabin 'yan akwatin, ba ta tashi ba.

Wannan hali na regileta mai mataki ɗaya ne. Matsin tukunya yana cikin abin da yake taimaka mata ta rufe hanya, don haka in ya yi ƙasa sosai sai ta saki gas fiye da yadda aka saita. Mai mataki biyu tana rage matsin sau biyu, ba ta yin haka, sai dai ta fi tsada. A kula, agogo biyu ba shi ne mataki biyu ba, tawa ma agogo biyu gare ta. Wanda aljihunsa bai kai ba, maganinsa shi ne ya kai tukunya ciko da zarar allura ta fara sauka. In babu kuɗin, ya rufe gas ɗin, ya rage hasken fitila har a samu. Tsiro yana jure mako biyu babu gas, kifi kuwa ba ya jure awa biyu a ruwan da gas ya yi wa yawa.

A Tambayi Ruwan Kansa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a akwatin kifi maganar a zahiri take, domin iskar kabon in ta narke a ruwa tana sa shi ɗan tsami. Ana auna tsamin da ma'aunin pH: lambar tana sauka, tsamin yana ƙaruwa. Ga yadda nake yi. Nakan ɗebi ruwan akwati a kofi in bar shi a buɗe kwana biyu har gas ɗin ya fice, in auna. Sannan in auna na cikin akwati bayan gas ya yi awa 3 yana tafiya. Idan lambar ta sauka da maki 1 cif, iskar ta ninka sau goma, wato ta kai wajen miligiram 30 ke nan a lita. Nawa daga 7.4 nake kai shi 6.6, kimanin miligiram 20, in tsaya nan.

Akwai kuma wata 'yar ƙwaryar gilashi da ake mannawa a cikin akwati, mai ɗauke da ruwan gwaji mai canja launi. Shuɗi yana nufin iskar ta yi kaɗan, kore daidai, rawaya ta yi yawa. Tana da amfani, sai dai labarinta tsoho ne: launin da ka gani yanzu na awa ɗaya ko biyu da suka wuce ne. Wanda ya bi launinta yana murɗa famfo nan take, kullum zai riƙa wuce gona da iri. Shaidar da ta fi kowace sauri ita ce kifin da kansa. In ya bar ƙasa ya hau sama yana haki, ba sai an jira wani awo ba.

Kammalawa

Abin da na fahimta a wannan tafiya shi ne iska kaɗan mai zuwa kullum a kan lokaci ta fi mai yawa da take zuwa yau ta ɓace gobe. A ƙasar da wuta ba ta da tabbas, ɗaki kuma yana zafi da rana ya huce da asuba, bin adadin da aka rubuta don ɗakunan Tokyo ko Landan jawo wa kai wahala ne. Na rage hasken fitilata zuwa awa 6 a rana, gas yana farawa awa guda kafin ta kama, ya tsaya awa guda kafin ta mutu. Na fi dasa tsirrai masu haƙuri irin su Anubiyas, waɗanda ko an kwana biyu babu wuta ba sa nuna komai. Baƙar gansakukar ta daina yaɗuwa, na yanke ganyayen da ta cinye, sababbin da suke fitowa kuma fes suke.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke sha'awar gwadawa, in iskarka ta fara hawa da sauka, kada hannunka ya fara zuwa kan famfon allura. Fara da littafi da biro. Bi hanyar iskar daga tukunya zuwa faifai da ruwan sabulu, duba matsin aiki, taɓa makullin lantarki ka ji zafinsa, ka tuna sau nawa aka ɗauke wuta jiya, ka kuma ɗora tukunyar a sikeli. Gyara abu ɗaya, ka ba shi kwana guda, sannan ka rubuta abin da ka gani kafin ka taɓa na gaba.